Giyar Motar Malam

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa riƙe sitiyari ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Gozaki. Yana kuma sayen dawa da masara ya kai kasuwar Dandume. Tun muna da sauran ƙuruciya shi ke jan salla a masallacin unguwarmu duk ranar da liman ba ya nan. Da girma ya zo, ƙafarsa ta hagu ta yi rauni har taka kulocin mota ya gagare shi. Sai babban ɗanmu ya kawo masa wata mota 'yar Kwatano, irin wadda ake ce wa otomatik, mai canja giya da kanta. Malam ya yi ta murna. Ya ce mini, "Hajiya, wannan ta fi ni hankali. Ni dai in taka, ita ta san sauran."

Ta yi damina lafiya lau. Bayan kaka, da aka gama shigo da masara, sai ta canja hali. In ya tashi daga ƙofar gida sai ta yi ta gurnani ta ƙi gaba, can kuma ta zabura kamar jakin da aka tsikara. A kan hanya in ta zo canja giya sai ka ji dum a ƙarƙashinka, ƙeyarka ta bugi kujera. Wata rana kuma ta wuni ba ta yi ba.

Ina cikin motar ranar da ya kai ta wurin wani bakanike a Malumfashi. Mutumin ya zaro wani dogon ƙarfe siriri daga cikin injin, ya goga a farin tsumma, ya sansana. Ya ce, "Alhaji, man giya ja ne kamar zoɓo. Naka ya yi baƙi, ga ƙauri." Ya juye man ya zuba sabo. Ta lafa na 'yan kwanaki, ta dawo da halinta. Bakanike na biyu ya ce robar da injin ke zaune a kai ce ta yage. Aka canja, bugun ya ragu, fizgar tana nan. Na uku ya tambaya ko da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗauki zafi. Malam ya ce ba ta da lokaci. Bakaniken ya ce to sai dai a sauke giyar gaba ɗaya a sa wata. Malam ya ƙi, ya ce zai jira ɗanmu ya dawo daga wurin aikinsa su kai ta Funtuwa a jona mata na'ura.

A cikin jiran nan ne abin ya faru. Gidanmu katanga ɗaya ne da masallaci, ina tsakar gida na ji komai. Bayan la'asar mutane na zaune a dakali, Malam ya zo zai tsaya, motar ta zabura saura kaɗan ta hau tabarmarsu. Akwai taubashinsa a wurin, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mutum mai baki kamar reza. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai tsoho, wannan tuƙi ne ko tangaɗi?"

Malam ya fito yana jan ƙafa ya ce, "Bari kawai. Giya ce ta sa ni gaba, na yi na yi ta ƙi barina."

Taubashin ya tafa hannu. "Jama'a ku shaida, da bakinsa ya faɗa! Dama na ce wannan zarya zuwa unguwar Maguzawa ba dawa kaɗai ake aunowa ba."

Aka kwashe da dariya, har da Malam. Ai ba a fushi da taubashi.

Kowa ya san giyar mota ana ɗan jan ta a baki, ta sha kuwa a gajarce take. Wanda ya so ya ji daidai zai ji. Amma maganar ta tashi daga dakali ta shiga gidaje, kuma a hanya ta zubar da dariyarta. Tafiyar da yake yi yana karkata saboda ƙafa ta zama shaida. Jan idon da hawan jini ya sa masa ya zama shaida. Motar kuma kullum tana ƙara musu, tana fizga a gaban kowa. A gidan suna wata mata ta dafa ni ta ce, "Hajiya, sai haƙuri, kowane gida da jarrabawarsa." Sai da na dawo gida na gane abin da take nufi.

Ranar da liman ya yi tafiya, aka ta da iƙama, Malam ya taka zai shiga gaba kamar yadda ya saba. Wani ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Malam, huta, ƙafarka." Aka tura wani. Ya dawo bai taɓa tuwo ba. Na ce ya tara su ya dafa Alƙur'ani. Ya ce, "In rantse a kan me, Hajiya? Ba wanda ya faɗa a gabana." Sai ya ɗora zuciyarsa kan gyaran motar. Ya ce in ta daidaita za su gani da idonsu.

Bai kai damina ba. Jinin ya buge shi a gona, kwanansa kaɗan a asibiti Allah ya karɓi abinsa, ba a sake ba shi gaban sahu ba. Taubashin ya yi kuka wurin gaisuwa, yana cewa shi wasa ya yi. Dattawan Maguzawan nan da yake sayen dawarsu sun zo su ma, suka ce ko a inuwar da ake shan giya bai taɓa zama ba. Wannan maganar ba wanda ya ɗauke ta ya kai gidan suna.

Bayan na fita takaba ɗanmu ya kai motar Funtuwa. Ya ce mini an jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna motar ba ta sanin gudun da take yi, shi ya sa take canja giya a makance. Bakaniken can ya shiga ƙarƙashi ya tarar da wata siririyar waya da ɓera ya gaigaya, don a gefen ɗakin masara motar ke kwana. Wani lokaci ta haɗu, wani lokaci ta rabu. Ya ɗaura ta ya naɗe. Giyar kanta lafiyarta ƙalau.

Na ce wa ɗana ya ɗauke ni bayan la'asar mu bi ta gaban masallaci. Muka wuce a hankali, muka juyo, motar tana tafiya sumul ko motsi ba ka ji. Suna nan zaune, har da wanda ya riƙe masa riga. Na sa aka tsaya, na sauke gilashi, ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, na ce, "Motar Malam ce. Waya ce ɓera ya ci."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Allah sarki, ai ɓerayen bana ba dama." Suka koma hirarsu ta tsadar taki.