Anti Halo Ta Buɗe Asusun Dogo

A kamfanin rarraba magunguna da ke ƙarshen layin masu gyaran mota, ba mai kiranta da sunan yanka. Tun daga manaja har maigadi, Anti Halo kowa ke cewa. Sunan ya samo asali ne daga aikinta na farko, lokacin da take zama a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarƙashin matakala, da abin sauraro a kunne, tana haɗa masu kira daga waje da ofisoshin ciki. "Halo, wa ake nema?" Abin da take faɗa ke nan tun safe har a tashi, har ta kai ko a gida aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ce halo kafin ta tuna inda take.

'Yar mai gyaran agogo ce. Ta taso tana riƙe wa babanta farantin da yake zuba ƙananan sukurori, kuma a wurinsa ta koyi haƙuri da ƙaramin abu. Bakinsa ne dai ba ta gada ba. Shi mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba, ita kuwa ko ita kaɗai aka bari a ɗaki sai an jiyo hira. Ta auri tela mai shago a ƙofar gida, suka haifi yaransu suka aurar, ita kuma tana nan a ƙarƙashin matakala, ta san muryar kowa a kamfanin, ta san wanda ke ɗauka da wuri da wanda sai waya ta gaji da ƙara.

Sai ga shi wata shekara an zo da sababbin wayoyi masu haɗa kansu da kansu. Ma'aikata suka kwance allonta na haɗa waya, suka naɗe igiyoyin, suka fita da su a kwali. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakarta, ta riga ta sha jinin jikinta cewa sallama ce ta rage.

A nan Injiniya ta same ta. Injiniya mace ce siririya mai saurin tafiya, wadda ke kula da kwamfutocin kamfanin duka, kuma aikin ya yi mata yawa.

"Anti, na roƙi manaja ya ba ni ke," in ji ta. "Ina neman mai riƙe min asusun ma'aikata."

"Asusu? 'Yar nan, ni ko na gidana ban iya riƙewa ba."

Injiniya ta yi dariya har da dafa bango. "Ba na kuɗi ba ne. Zo ki gani."

Ta kai ta wani ɗaki mai sanyi a hawa na biyu, inda wata ƙatuwar kwamfuta ke tsaye cikin keji na ƙarfe tana gurnani a hankali. Ma'aikata Giwa suke ce mata. Injiniya ta yi mata bayani cewa duk ƙananan kwamfutocin da ke kan teburan ofis da sito da gareji, cikin Giwa suke shiga su yi aiki. Kowane ma'aikaci yana da nasa asusun a ciki, da ɗan gajeren sunan da yake shiga da shi, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. A jikin asusun akwai cikakken sunan mutum, da aikinsa, da ɗakin da yake zama, da lambar wayarsa, sannan da rukunin da yake, wanda shi ke nuna abin da Giwa za ta buɗe masa da abin da za ta hana shi. In an yi wa mutum canjin ɗaki ko ƙarin girma, dole wani ya shiga ya gyara, in ba haka ba sababbin wayoyin ma ba za su same shi ba.

Anti Halo ta zauna gaban baƙin allo mai fararen haruffa, ta ɗora yatsa ɗaya a kan madannai kamar mai taɓa tukunya da zafi. Satin farko da yatsan nan ɗaya ta yi aiki. Ta koma gida ta sa mijinta ya zana mata madannan a bayan kwalin yadi, in ta gama girki sai ta baje shi a cinya ta yi ta dannawa. Telan yana kan keke yana leƙenta ta saman tabarau.

"Wai ke da girmanki, sai yanzu za ki koma 'yar aji ɗaya?"

"Kai dai yi ɗinkinka, Malam. Aljihun da ka ɗinka a juye shekaranjiya ban faɗa wa kowa ba."

Ranar da ta fara gyara asusu da hannunta, wata akawu ce aka mayar wani ɗaki. Anti Halo ta kira asusun, ta goge tsohuwar lambar ɗakin, ta rubuta sabuwa, ta danna. Ta sake kira don ta tabbatar, sai ga sabuwar lambar zaune daram. Ta miƙe tsaye ta tafa hannu. "Ta karɓa! Injiniya, wallahi ta karɓa!" Ta sauka har ɗakin akawun ta ce mata ta duba, akawun ta duba ta ce daidai ne, ta kuma rasa dalilin da ya sa Anti ke haki.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Wata safiya aka canza wa manaja lamba, aka canza wa mai kantin abinci ita ma, Anti Halo ta saka ta wannan a asusun wancan. Kafin azahar manaja ya amsa kira daga wani ɗan sito da ke cewa a ajiye masa shinkafa, a kuma cika masa miya kada a yi masa irin ta jiya. Can ƙasa kuwa wani asibiti ya kira yana tambayar ko akwai sauran ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, mai kanti ta ce ya ƙare, sai dai lemo. Manaja ya hawo da kansa. Da ta gan shi, sai ta lura kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Anti," ya ce, "na yi wa mutumin alkawarin miya, yanzu ya za mu yi?"

Ta gyara nan take, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tun daga ranar ba ta ƙara danna komai ba sai ta karanta shi a bayyane, da ƙarfi, kamar mai karanta labarai.

Abu ɗaya ne a aikin ba ta so, wato kulle asusu. Dokar kamfani ce, duk wanda zai daɗe ba ya nan a kulle nasa. Na farko da ya faɗo a hannunta kuwa na Dogo ne, direban babbar motar kai magani ƙauyuka. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, mai barkwanci, wanda tun tana ɗakin waya in ya kira daga hanya sai ya canza murya ya ce shi ne manaja. Wata rana tayar wata tirela ta fashe, ta yi kansa a kan gada. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su tashi ba. Da Injiniya ta ce a kulle asusunsa, Anti Halo ta daɗe tana kallon allon. Ta danna, ta shiga banɗaki ta wanke fuska. Daga baya takan bi ta asibiti in ta tashi aiki, ta zauna ta zuba masa labaran ofis, shi kuma ya ce ta rage surutu likita ya hana shi dariya.

Watanni suka shuɗe. Wata Litinin tana ajiye jaka sai ga manaja ya leƙo, fuskarsa fes.

"Anti, Dogo zai dawo. Yau ɗin nan. Shi zai riƙa tsara fitar motoci, an gyara masa ɗakin da ke kusa da gareji. Ki buɗe masa asusu ki mayar da shi rukunin masu tsarawa."

"Yau? Dogo namu?" Ta dafe ƙirji. "Injiniya fa?"

"Ta tafi sabon sito, sai yamma. Ke ce dai."

Canza ɗaki da lamba ta yi su ba adadi, amma ɗauke mutum daga wani rukuni zuwa wani ba ta taɓa yi ba sai Injiniya na tsaye a kanta. Ba ta ko tsaya tunani ba. Ta sauko da sauri har ɗankwalinta na zamewa, ta shiga sabon ɗakin, wanda aka faɗaɗa wa ƙofa aka zuba masa gangaren siminti a madadin matakala. Warin fenti bai gama fita ba. Ta ja kujera gaban kwamfutar da ke kan teburin, ta shiga da nata asusun.

Ba ta kai ga fara komai ba sai ihu ya tashi a waje. Direbobi sun dafe ham na motocinsu gaba ɗaya, 'yan sito na buga kwalaye, mai kanti ta fito da ludayi a hannu. Ga Dogo nan a keken guragu, ƙaninsa na tura shi, shi kuma yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Ya rame, amma muryar tana nan.

"Anti Halo! Kin ga yadda Dogo ya koma gajere? Yanzu ke ce za ki riƙa sunkuyo min."

"Rufe min baki ka matso nan," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Aiki gare mu."

Ɗakin ya cika maƙil, wasu na leƙe ta taga. Ta kira asusunsa, ta karanta a bayyane yadda ta saba. Ta cire kullen. Ta goge gareji ta rubuta sabon ɗakin. Ta saka lambar wayar da ke kan teburin, ta duba jikin wayar ta sake dubawa, wani daga baya ya ce a tabbata ba ta kanti ba ce, aka kwashe da dariya. Ta zo kan rukuni, ta yi bisimilla, ta cire shi daga direbobi ta sa shi cikin masu tsara motoci. Saura wurin da aka rubuta aikinsa. Ta kai hannu za ta goge kalmar direba, sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Anti, dole sai an goge wannan?"

Anti Halo ta janye hannunta. Ta dube shi, ta dubi allon. A ƙasan asusun akwai wani ɗan fili na ƙarin bayani da ba kowa ke cikawa ba. Ta rubuta sabon aikinsa a sama, ta sauko filin nan ta fara rubuta tsohon direba.

"Tsoho kuma? Haba Anti, ko furfura ban yi ba!"

Ta goge tsohon, ta bar direba. Ya gyaɗa kai.

Sannan ta juyo da madannan gabansa ya saka sabuwar kalmar sirri. "Kowa ya juya baya!" ta daka tsawa, ita ma ta juya. Manyan mutane suka tsaya suna kallon bango suna ƙunshe dariya, ana jin ƙas, ƙas na yatsunsa a hankali. Ya shiga, sunansa ya bayyana a allo, aka yi tafi. Amma da ya taɓa shafin tsara motoci, sai Giwa ta ce ba shi da izini.

Anti Halo ta jawo madannan gabanta. Ta duba rukunin, daidai yake. Ta sake dubawa, daidai yake. Ta ɗauki waya ta kira Injiniya, tana jin ƙarar injin ɗaga kaya a bayanta.

"Na sa shi a rukunin, na rantse na sa shi, amma ta ƙi!"

"Kin adana gyaran kafin ya shiga, ko bayan ya shiga?"

"Bayan ya shiga," Anti Halo ta amsa. Garin murna, sai da ya riga ya shiga ta adana canjin rukunin.

"To shi ne," in ji Injiniya. "Da tsohon rukuninsa ta karɓe shi. Ya fita ya sake shiga kawai."

Aka sake juya baya, aka sake jin ƙas, ƙas. Wannan karon shafin ya buɗe fal, motocin kamfanin duka a jere, kowace da inda za ta. Ihun da aka yi sai da masu gyaran mota na maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ana cikin haka wayar teburin ta yi ƙara. Dogo ya ɗauka, ya ji wani direba ne, ya saurara, ya murtuke fuska irin ta manya.

"Kai, wa ya ce maka ka bi ta tsohuwar hanya da maganin da ba ya son zafi? Juyo ka bi ta sama. Ni za ka gaya wa hanya?"

Anti Halo ta fita daga ɗakin ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Ranar ba wanda ta haɗu da shi a matakala ba ta tsayar ta ba shi labari ba, har da waɗanda a gabansu aka yi.

Yanzu ita ke riƙe da asusun kowa a kamfanin, har na sabon siton, Injiniya ba ta ko leƙawa. In wata ta samu ƙarin girma ko wani ya koma sabon ɗaki, kafin ya gama jera kayansa Anti ta gyara, ta kuma sauko ta yi masa barka. Ritayarta ta kusa, kuma ta riga ta faɗa wa Injiniya cewa in ranar ta zo, ba wanda zai rufe mata asusu, ita za ta rufe abinta da hannunta.

"Ai ba ya yiwuwa, Anti," Injiniya ta ce. "Giwa ba ta cire mutum yana ciki."

Anti Halo ta gyara zaman tabarau, ta jawo madannai gabanta.

"To shi ke nan. Sai ku san yadda za ku yi ku fitar da ni."