Asabar ɗin da na zauna shaidar tayil

Aikina a Dubai koyar da injiniyanci ne a jami'a, yadda ake lissafin gada da kankare. Da na ga kusan duk babban gini sai ya ƙare da rigimar kwantiragi, sai na shiga karatun shari'a da yamma don in fahimci abin. Kai, da na san abin da zai jawo mini! Labari ya bazu cikin 'yan kasuwarmu na Kano cewa Farfesa ya zama lauya. Tun daga nan wayata ba ta huta ba.

Abu ɗaya na ware wa kaina: tuƙin ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda babu inji, iska ce ke tura ƙyallensa. Wani Balarabe ne yake koya mini. Burina in ci jarrabawar da za ta ba ni izinin fita teku ni kaɗai, ko da sau ɗaya. Lokacin sanyi ake yinta, domin da zafi ba mai fita. Kuma sanyin nan shi ne na ƙarshe gare ni, saboda ritayata ta zo, bizata za ta ƙare tare da aikin, in koma Kano inda ba teku.

Jarrabawar ta faɗo ranar Asabar da hantsi. Ina ɗaura takalmi sai ga kiran Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya zo sayayya ya sauka a unguwar International City.

"Farfesa, maza ka zo. Tayil ɗin da muka haɗa kwantena da wani Alhaji ya farfashe, kowa na cewa lodin ɗan'uwansa ne ya danne."

"Kawu, ina da wani uzuri da safen nan."

"Yau Asabar? Haba ɗana. Minti kaɗan ne."

To, ka gaya mini yadda mai furfura zai ce wa kawunsa ba zai zo ba don zai je wasan ruwa. Na zura babbar riga na tafi.

Na same su a falo, an baje shayi. Gaisuwa kaɗai ta ishe ni. Aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka yi wa wani mamaci addu'a, aka koma kan tsadar biza. Na duba hotunan kayan a waya, nan take na ga matsalar: an kwantar da tayil ne maimakon a jingina shi a tsaye. Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya ɗaga hannu.

"Shwaiya, Farfesa, a hankali, bari Alhaji ya gama."

Alhaji kuwa daga zamanin da suka fara zuwa Jidda tare ya faro. Ta taga ina hango wanki a barandar maƙwabta yana kaɗawa, iska mai kyau, irin wadda mu masu tuƙin jirgi muke roƙo. Raina ya ɓaci, amma ba a tashi a bar manya suna magana.

Da aka yi azahar, Alhaji ya share fuska ya ce, "Ni dai na yafe, a bar wa Allah." Kawu ya ce shi ma ya yafe. Suka tafa, khalas, magana ta ƙare. Wallahi ba wanda ya tambaye ni ko kalma ɗaya, ta gini ko ta shari'a. Ashe so suke kawai a ce a gaban Farfesa aka sasanta.

Na isa bakin teku jiragen suna dawowa. Malamina ya dubi babbar rigata, ya girgiza kai, ya ce wata jarrabawar sai bayan zafi. Ya san ba zan kai ba, ni ma na sani.

Ranar da na raka Kawu filin jirgi ya tambaye ni me ya sa nake ta duban agogo a wancan zaman. Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kwalekwale? Don wannan ka ɓata rai? In ka dawo gida ni da kaina zan kai ka kogin Wudil, a tsallaka da kai."

Na ɗauki jakarsa na ce, "Na gode, Kawu."