Rijiyar da Baba Ya Bari Sai Ƙarshe

Babana ba ya fara magana da abin da ya kawo shi. In ya je aron jaki, sai ya tambayi iyali da gero da gajiya, sai ya miƙe zai tafi sannan ya ce, "Af, jakin nan naka hwa?" Duk Adar haka ake yi, amma shi ya fi kowa iyawa. Wannan ladabin ne ya sa mutanen garinmu Allakaye suka tura shi Madawa bayan yaƙin Nasara, da kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya tara manyan ƙasa don a yanke yadda za a kashe kuɗin shekara.

Abu ɗaya aka aike shi nema, rijiya. Da rani mu mata sai mun gangara dutse har kwari, mu hauro da tulu a ka. Innata kuwa wuyanta ya riga ya fara ciwo.

Da bakinsa ya ba mu labari da ya dawo. Tun da safe tafinta ya faɗi dokar zaman: babi-babi za a bi, a karanta, mai magana ya yi, a ɗaga hannu, kuma abin da aka wuce ya wuce ke nan. Baba ya ji, ya ɗauka irin faɗar Nasara ce kawai. Rijiyoyi suka zo na biyu, bayan hanyoyi. Aka jera garuruwa, babu namu. Ga sarakuna da dattawan da suka girme shi zaune, ko tari ba su yi ba, ina shi ina riga su buɗe baki? Da aka ce a ɗaga hannu, ya ɗaga tare da kowa, don kada a ce ɗan Allakaye ya hana wasu ruwa.

Da la'asar, ana shirin tashi, ya miƙe ya gaida kowa, sannan ya kawo maganarmu. Tafinta ko juya ta zuwa harshen Nasara bai yi ba. Ya ce, "Baba, babin rijiyoyi tun da hantsi anka ruhe shi. Kai ma ka ɗaga hannu."

Da shekara ta zagayo ɗan wani gari aka tura a madadin yankinmu, mai kukan garinsu. Inna ta ci gaba da hawan dutse har ta kwanta, ba ta kuwa ga rijiyar ba. Har yau abin yana ci mini rai, don da ya faɗi kalma ɗaya da hantsi, da ta wadatar.

Bayan rasuwarta Baba ya sake hali. Baƙo na sallama zai tare shi: "Hwaɗi abin da ya kawo ka tukun, gaisuwa ba ta gudu." Mutane suka ce tsufa ya cinye masa ladabi. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa gyara musu zancen ba.