Tsuntsuwar Iya da faifan Japan

Shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou ina loda jakunkunan mata zuwa Kano, Sinancina bai wuce "ni hao" da "mei you" ba, wato sannu da babu. Abokan da muka zo tare duk sun koma gida. Ɗakina a bayan benen kasuwar Tianxiu, daga ni sai buta.

Wata Asabar na tsinci faifan CD a rumfar kayan gwanjo. Ga hoton wata dattijuwa a bangonsa, ga 'yar takarda siririya an naɗa a gefe. Na yage takardar na sakace haƙori da ita. Da na kunna kuwa sai na kasa tashi. Muryar matar tana rawa a ƙarshen kowane baiti, sak ta Iya.

Iya kakata ce, Babarbariya, aure ya kawo ta Kano tun tana budurwa. Bayan tuwon dare mukan kewaye murhunta, tana tura kara a wuta, mu ko muna satar gyaɗar da take gasawa. Tana cewa ga ta nan, mun amsa tun ba ta rufe baki ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Wani farke ya sayo tsuntsuwa daga gabas ya rataye kejinta a zaure. Kullum da yamma sai ta rera waƙa, gari ya taru ana tafi, ana cewa tsuntsuwar nan ta ji daɗin gero. Shekara bakwai tana yi, ba wanda ya tambaye ta me take cewa. Ran nan aka wayi gari ta yi shiru, shirun da ba ta sake fasawa ba. Ƙurunƙus.

Waƙar tsuntsuwar da Barbarci Iya take yin ta, idonta a kan wuta. Ni ne shugaban 'yan kwaikwayo. In toshe hanci in maimaita, yara su kwashe da dariya.

"Ja'iri, mijin banza," in ji ta, ta ɗaga muciya. "Yi dariyarka. Wata rana za ka je inda ko atishawa ka yi sai an nemo tafinta."

Bakin tsofaffi! Ga ni.

Na ɗauki faifan na tafi garin Shiling don in burge laoban, mai masana'antar da nake saye a wurinsa, in nuna masa na fara jin waƙar ƙasarsu. Ya saurara, ya dubi bangon, ya yi dariya har da buga tebur.

"Alhaji, wannan ta Japan ce! Ina takardar gefen? Masu tara irin wannan ita suke fara nema."

Na ce tana nan lafiya. Ni da ko bokon gida ban gama aji uku ba, ina zan bambanta zanen Sin da na Japan?

Amma wannan karon na tambayi me waƙar take cewa. 'Yarsa ta nuna wa wayarta takardar baitocin da ke cikin kwalin faifan, wayar ta fassara, ta ce mace ce tsaye a bakin tashar jirgin ruwa, dusar ƙanƙara na zuba, tana kiran garinsu. Na tuna yadda nake daɗewa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu bayan an rufe kwantenata, ba don akwai sauran aiki ba.

Laoban ya zuba min shayi ya ce saura ta ƙasarmu. Ban san lokacin da waƙar tsuntsuwar ta fito daga bakina ba, ba toshe hanci. Ashe tana nan, shekara hamsin, ko harafi bai faɗi ba.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a kulle tsuntsu a keji. A kan kujerar nan na gane wace ce tsuntsuwar, da abin da take jira daga jikokinta kowane dare.

Laoban bai yi tafi ba. Ya ajiye butar shayin a hankali.

"Me take cewa, Alhaji?"

Na buɗe baki. Duk wanda zai iya gaya min yana ƙarƙashin ƙasa.

"Mei you," na ce.