Ashafa da Abba Gana, Masu Waƙa Baya da Baya

Ko yanzu in ka je biki a unguwar Madabo ka tarar da samari biyu sun jingina baya da juna suna waƙa, kada ka zaci faɗa suka yi. Su kansu ba su san dalili ba, gani suka yi ana yi. Asalin abin daga Ashafa ne, ɗan 'Yardada mai ƙosai, wani siririn maɗinkin hula da dariya ba ta yi masa wuya ko a gaban surukai.

A wani matsattsen zaure a unguwar Zaitawa ya koyi ɗinki, shi da Abba Gana, wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun da daɗewa. Zauren ƙofa biyu gare shi, tabarma ɗaya. Kowa na son haske, sai ɗaya ya fuskanci ƙofar waje, ɗaya ta cikin gida, suka jingina da juna. Abba Gana ƙato ne, muryarsa kamar ana gara turmi. Ta Ashafa kuwa siririya ce, har mata kan leƙo su ga wace yarinya ce ta shigo zauren maza. Wata rana Abba Gana yana rera waƙa, sai Ashafa ya hau kai, ba amshi ba, tare suka tafi, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Mai sayar da goro da ke wucewa ya tsaya har ya manta inda za shi.

Mutanen birni sun saba da mawaƙi da 'yan amshinsa, amma murya biyu a jere ba su taɓa ji ba. Kafin shekara biyu babu suna ko biki daga Ƙofar Mazugal zuwa Madabo da ba a kiran su, Abba Gana da garayarsa, Ashafa yana buga zobe a jikin kwalba. Kullum kuma baya da baya. Sirrin shi ne Ashafa a bayansa yake jin numfashin abokinsa, da zarar haƙarƙarin nan ya buɗe ya san lokacin shiga ya yi.

Aka yi shekaru a haka, sai yaƙin basasa ya ɓarke. Ilu, ƙanen Ashafa, direban babbar mota ne, ya shiga soja ya yi kudu, ya bar matarsa Lauratu da cikin wata huɗu. Ta sauka ranar Litinin, mace, aka riƙa kiranta Tani. Wasiƙa uku aka aika wa Ilu, ko ɗaya ba a ga amsa ba. 'Yardada ta rame, ƙosai ya dinga ƙonewa a kasko tana kallo. Abin da ke cinta ɗaya ne, kada ɗanta ya mutu bai san ya zama uba ba.

A damunar 1968 wani ma'aikacin gidan rediyo, Malam Salihu, ya zo neman waƙoƙin da za a riƙa sa wa sojoji a bakin daga. Ashafa ya ce to ga wasiƙar da ba za ta ɓace a hanya ba. A yini ɗaya suka shirya waƙa.

Da hantsi Malam Salihu ya kafa ƙarfensa na ɗaukar murya a tsakiyar zauren. "Guda ɗaya ne," in ji shi, "ku fuskance shi ku biyu, baki kusa. Faifan da ya rage mini kaɗan ne, mota kuma na jirana da azahar."

Suka fuskanci juna. Shekara tara suna waƙa, Ashafa bai taɓa ganin fuskar Abba Gana a cikin waƙa ba. Ashe rufe ido yake yi, ya ɗaga gira, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Ashafa ya danne, ya cije leɓe, ina! Dariya ta ƙwace masa har kwalbar ta faɗi.

"Kai dai ba ka da hali," in ji Abba Gana. "Ƙanenka na bakin wuta kana nan kana washe haƙora."

Suka sake. Wannan karon Ashafa ya runtse ido, amma babu bayan da zai gaya masa lokaci, sai ya shiga a makare, waƙar ta tarwatse. Malam Salihu ya duba agogo ya ce saura na waƙa ɗaya tak. Dariya ta ɗauke wa Ashafa ɗif. Tsoro ya kama shi, ya ga shi ne zai hana saƙon uwarsa isa.

'Yardada, da ta zo jin waƙar, tana bakin ƙofar cikin gida tana jin komai. Ta ce, "Malam, wannan ƙarfen naka, dole sai a tsaye yake ji?"

"A'a, Iya, ko ta ina yana ji."

Ta shiga ɗakin matar gidan ta kwanto ragayar da ake rataye ƙwaryar nono, ta sa aka ɗaure ta a azara. Aka ɗora ƙarfen a ciki, yana reto daidai saman kawunansu. Suka zauna yadda suka saba, Ashafa ya ji haƙarƙarin nan ya buɗe, ya shiga:

Ilu na Madabo, direban soja,
Lauratu ta sauka lafiya,
Tani ce, kunnuwanka ta ɗauko,
Iya ta ce ka riƙa cin abinci.

Waƙar ta shiga gari. Aka yi ta sa ta a rediyo, har mutanen da ba su san Ilu ba suna tare Lauratu a hanya su ce a nuna musu kunnuwan. Daga nan aka san su har Kaduna da Jos, suka yi waƙa ta fi arba'in. Amma daga kudu shiru. Duk ranar da aka sa waƙar, Ashafa kan ajiye allura ya ce a ransa, ko Ilu yana ji?

Bayan an gama yaƙi da wata biyu, wata safiya 'Yardada tana suya, wani ramammen soja ya yi sallama. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Ina mai kunnuwan nawa?" Ya zaro wasu 'yan takalman jarirai daga aljihu, waɗanda ko babban yatsan Tani ba za su ɗauka ba, don a lokacin har gudu take yi. Ashafa ya fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ilu ya durƙusa gaban uwarsa. "A gindin mota na ji, Iya, ana ruwa. Wasiƙa ko ɗaya ba ta same ni ba. Kin ce in riƙa cin abinci. Wallahi duk ranar da na samu na ci."

'Yardada ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ƙarya yake yi, ta tura masa kwanon ƙosan gaba ɗaya.