Ƙafar Manaja

Mijin yayata mai sayar da takalma ne. Shagonsa bai fi banɗaki girma ba, idan masu saye biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana, amma tun da aka rubuta masa allo a bakin ƙofa ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Sunan dai ya bi shi, har yayata da ta haifa masa 'ya'ya haka take kiransa.

Mutum ne mai son a gan shi. Da safe yakan daɗe a gaban madubi fiye da 'yan matan gidan, ya feshe jiki da turare har mu kama atishawa, sannan ya cusa ƙafa cikin takalmi mai tsinin baki. In ka gaishe shi, ƙafarka yake fara duba, daga nan ya yanke irin amsar da ta dace da kai. Ni mai yawo da silifas ban taɓa samun fiye da "yawwa" ba.

Ciwon ya fara masa da kaluluwa a matsematsi, da zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Sai idon sawunsa na hagu ya riƙa kumbura da yamma, ya sace da safe. Daga baya ya daina sacewa. Manaja ya ce kamfanoni ne suka soma ha'inci suna rage girman takalma, ya ci gaba da danna ƙafar ciki da bayan cokali yana nishi.

Da ƙyar yayata ta ja shi asibiti, ni kuma na raka su. Bayan gwajin jini likitar ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe wani farin ruwa daga tsoka su mayar da shi cikin jini. A kan hanya ruwan yana ratsa ƙananan ƙullutu a wuya da hammata da matsematsi, inda ake tace ƙwayoyin cuta, kuma su ne in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. Shi wata siririyar tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum ta zauna a hanyoyin nan ta lalata su, ruwa ya rasa wajen komawa ya taru a ƙafa. Farkon tundurmi ke nan. Za ta ba shi ƙwayoyi saboda tsutsar, amma ɓarnar da aka riga aka yi ba ta gyaruwa. Abin da zai hana ta ƙaruwa shi ne wanke ƙafar da sabulu safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu, a riƙa ɗaga ta ana motsa ta, a kuma sa takalmi mai sakewa.

Manaja ya gyara zaman gilashinsa, wanda ba na ƙara gani ba ne.

"Likita, sabulu fa kika ce? Na yi miki kama da ƙazami?"

Ta ce ba zancen ƙazanta ba ne, fatar ce yanzu ba ta da mai tsaronta. Bai saurara ba. A hanyar gida ya ce tundurmi ciwon masu yawo ba takalmi ne, kuma duk likitan da ya rasa allurar da zai yi wa babban mutum bai gama karatu ba.

Bai daɗe ba ya samo wanda ya gama. Wani mai tallar magani ne da lasifika a kan mota, ya tsattsaga masa idon sawu da reza don mugun ruwa ya fita. Ruwa kuwa ya fito, Manaja ya yi ta nuna wa maƙwabta tsumman a matsayin shaida. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta yi jajir, ta ɗauki zafi, shi kuma yana karkarwa cikin bargo yana kiran uwarsa. Turaren ma ya kasa rufe warin. Aka kwantar da shi. Likitar ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta tsagar, kuma duk lokacin da hakan ta faru fatar ƙara kauri take yi. Da aka sallame shi, babu takalmi ɗaya a shagonsa da zai shige shi.

Sai ya shiga neman mai laifi. Ya zargi mai gyaran agogo na kusa da shi da hassada, ya zargi girkin yayata da yawan gishiri. Sauro kaɗai ya wanke, wai bai isa ba.

Yayata ce ta ɗauki aikin, ita da ke fama da ciwon baya. Kullum sai ta durƙusa da roba da tawul, ta wanke, ta bi lungunan fatar ta tsane, ta shafa magani a inda ya tsage. Shi yana kishingiɗe yana latsa waya, yana ƙorafin ruwan ya yi sanyi. Ta sa baduku ya ɗinka masa faffaɗan takalmi, ya ƙi sawa sai da aka maƙala masa ƙarfe mai ƙyalli a sama. A hankali kumburin ya tsaya inda yake, zazzaɓin ya yi nisa.

Yanzu Manaja malami ne. Yana zaune a shago, ƙafa a kan kwali, duk wanda ya shigo neman takalmi sai ya sha darasin hanyoyin ruwa da kaluluwa, kamar shi ya gano su. Kwanan baya na kai masa abinci na tarar yana faɗa wa wani dattijo cewa sirrin bai wuce naci da tsabta ba, kuma ba kowa ke da irin jajircewarsa ba.

Na ajiye kwanon na ce, "Manaja, a tsakanin waɗanne yatsu ne tsagar nan take, wadda ake shafa wa magani?"

Ya leƙa ƙafar ta saman gilashi, ya shiga bin yatsun da ido yana neman tsagar. Dattijon ya ɗauki ledarsa ya fita yana tarin da ba tari ba.

Da yamma ya kai ƙarata wurin yayata, wai ƙanwarta ba ta da tarbiyya, kada in ƙara taka masa shago. Tana durƙushe a gabansa, hannunta duk kumfa. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ya ɗaga diddigen ta wanke ƙarƙashi. Ya ɗaga, ya ci gaba da faɗansa.