Lokacin Baba Makulli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare Shi muke, can kuma za mu koma, da mai sauri da mai nawa.

Baba Makulli, ranar Talata sha huɗu ga watan Mayu ka bar mu. Ina bakin aiki da hantsi, ina cuɗa tayar wata mota, sai ga Tela, abokin gudunmu, ya shigo gidan wankin motar ko hula babu. Ya tsaya a cikin ruwan kumfa bai ma kula ba. Ya ce, "Soso, lokacin Baba ya yi."

Ni kuwa sai na yar da tsumman hannuna na hau murna. Na ce alhamdu lillahi, nawa ya yi, huɗu cif? Don ka daɗe kana neman minti huɗu sau goma a filin gudu, kuma mu 'yan gudu in an ce lokacin wane ya yi, to ya samu abin da yake nema ke nan. Sai da na ga Tela ya kasa ɗago kai, sannan maganar ta juyo ta same ni ta inda kowa ya san ta. An ce a shago aka tarar da kai, zaune a kujerar nan mai karyayyen hannu, makullin wata mata yana maƙale a inji, ka yanka rabi. Likita ya ce zuciya ce.

Ni ban iya rubutu irin na masu ilimi ba, a aji huɗu na tsaya. Tela ne ya ce in rubuta a karanta wa 'yan fili, tunda ni ne autanku. To a yi haƙuri da yadda ya zo. Kuma akwai labarin da nake so in ba ka, don tun daga ranar nan Innata ta ɓoye takalmina. Ta ce gudu ne ya kashe ka, ita kuma ɗa ɗaya gare ta, ba ta da na bayarwa.

Ka tuna yadda muka haɗu? Na rufe motar wani mutum da makullin a ciki, mutumin yana ta zagin iyayena. Na ruga shagonka. Ka ɗauko jakar kayan aikinka ka hau babur, ni kuma don ruɗewa ban ma jira ka goya ni ba, na biyo ka a guje da silifa. Ka buɗe motar kafin mutumin ya gama zagin. Da za ka tafi sai ka dubi ƙafafuna, ba fuskata ba, ka ce in zo filin bayan makaranta gobe da safe. Na zaci aikin shara za ka ba ni.

Na je na tarar da manyan mutane da gajerun wanduna suna zagaya fili kamar sun ɓatar da wani abu. Tela ya dube ni ya ce shi wannan dogon gudun da kuke wa shiri sunansa gudun ya da ƙanin wani, kuma ga ƙanin wanin Allah ya kawo. Kowa ya yi dariya. Kai ma ka yi, amma ka ce masa ya bar ni, shi da ya zo ai tumbinsa ne ke riga shi gama zagaye.

A ranar ka gaya mini abin da ya ɗaure mini kai. Ka ce gudun kilomita arba'in da biyu ne da 'yar ɗoriya, amma ba sai mutum ya yi shi ba kafin ya san nawa zai ci masa. Zagayen fili biyu, mita ɗari takwas ke nan, shi ne ɗaya. A yi shi da ƙarfi, sai a yi sassarfa a hankali daidai tsawon lokacin da aka ɗauka, sai a sake. Haka har sau goma. In duk goman sun zo a minti huɗu da rabi, to a ranar babban gudu mutum ya sa rai da awa huɗu da rabi. Minti ya zama awa, sakan ya zama minti.

Gaskiya na tsorata. Na zaci duba ne. Na jawo Tela gefe na tambaye shi ko wannan abin bai taɓa imani ba. Shi kuma da bakinsa kamar tsaga ya je ya faɗa maka. Ba ka yi mini dariya ba. Ka zaunar da ni a kan bencin siminti ka ce ba gaibu ba ne, awo ne. Ka ce kamar makulli ne: in ka ɗora sabo a kan tsoho ka yanka, za ka iya cewa zai buɗe, amma ba ka rantsewa sai an sa shi a ƙofa. Wata ƙofar ta kumbura, wata ta yi tsatsa. Rana tana iya yin zafi, ciki yana iya juyawa, wanda kuma bai yi dogayen gudunsa na ƙarshen mako ba, ko fili ya ba shi lokaci mai kyau, titi zai karɓe abinsa. Ka ce shi ya sa ake ƙara minti goma a kai, a kuma ƙara in sha Allah.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, in minti na zama awa, to bari in rage mintin. Na farko na fita kamar an sako kare. Na wuce kowa, har ina waiwaye. A na biyu na fara ganin taurari, a na uku ina durƙushe bayan benci ina amai. Ka zo ka riƙe mini goshi da hannun nan naka mai kanta, ka ba ni ruwa, ka ce, "Soso, fili ba ya sayen na farko. Na goma yake saye."

Matsalata ita ce ban iya duba agogo ina gudu ba. Lambobin tsalle suke mini. Sai ka ce in bar agogo, in bi ka a baya in saurari aljihunka. Kullum da tarin makullai kake gudu, na shago da na gida da waɗanda masu su suka manta. Kacau, kacau, kacau, ba ƙari ba ragi. In ƙarar ta yi nisa na san na yi sanyi, in na fara taka maka dunduniya na san zumuɗi ya motsa. Ka rage saurinka saboda ni, alhali kana da naka minti huɗun da kake nema. Sai ka gama da ni sannan ka yi naka, rana ta riga ta ɗago. Ban gane nauyin wannan ba sai yanzu.

A sassarfar nan ta tsakani muke hira. Nan ka san mahaifina ya rasu ina goye. Nan ka san ina jin kunyar sa hannu a takarda. Nan kuma ka ce in daina cewa ni ba kowa ba ne, ai makulli ƙarami ne amma shi ke tsare gida. Takalmin da nake gudu da shi na ɗanka ne, ka kawo shi a leda ka ce ya matse shi. Da na ga ƙafar ɗan naka wajen gaisuwa, na san tawa ta fi tasa girma, ashe saya mini ka yi.

Bayan ranar aman nan, da biyu muka fara, kana ƙara mini ɗaya-ɗaya. Ka ce ba za ka bar ni in shiga babban gudu ba sai na yi goma, duk ƙasa da minti biyar, duk kuma kusa da juna kamar haƙoran makulli. Mun kai takwas. Saura biyu ka tafi.

Inna kuwa ta kafe. Ni ma ban san ko gudun ne ya kashe ka ba. Mutum yana gudu shekara da shekaru, zuciya ta tsaya yana zaune a kujera, to wa zan tambaya? Na dai roƙe ta ta raka ni mu gai da Umma, maiɗakinka. Muka je. Inna ba ta iya ɓoye abu ba, ana gama gaisuwa ta faɗi abin da ke ranta, ni ina jin kamar in nutse.

Umma ba ta yi musu da ita ba. Ta ce ita ma ba ta san abin da ya ɗauke ka ba, likita ya faɗi nasa, ita a wajenta kwana ne ya ƙare. Amma ta ce abu ɗaya ta sani, waɗanda ka hana shiga gudu sun fi waɗanda ka bari yawa, har wasu sun yi fushi sun daina gaishe ka. Ta ce, "Wannan yaron naki ma bai ba shi izini ba tukuna. Cewa ya yi sai ya cika goma."

Inna ta ce goma me? Na yi mata bayani iya iyawata, minti ya zama awa da sauransu. Ta dube ni kamar yadda na dube ka ran farko, da na zaci duba ne. Muka kama hanyar gida. Ta ce za ta zo ta ƙirga da kanta, in na kasa, kar in sake tayar mata da zancen.

Ranar Asabar ta fito da takalmin daga cikin buhun gawayi. Ta zauna a bencinka da tsakuwa goma a cinya, Tela yana riƙe da agogo. Na farko na yi abin da ka hana. Ba ƙarar da zan bi, fili ya yi shiru, sai na ruga. Na biyu ma haka. Na dawo ina haki kamar zan shiɗe, Tela yana faɗa, yana cewa a haka ko shida ba zan kai ba. Na ji Inna ta tambaye shi me ya same ni, da ba haka nake ba? Ya gaya mata zancen makullai.

Baba, da a ce ta yi shiru, da ta ci. Da na faɗi a na biyar, ta ɗauki takalmin ta mayar buhu, ba mai ganin laifinta. Sai na ga ta sunkuya tana kwance bakin zaninta. Makullin ɗaki, da na akwati, da na kwaɗon ƙofar waje. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta ce in na ɓatar mata da su a waje za mu kwana.

Ƙararsu ba ta kai taka ba, siririya ce, amma ta isa. Na sa kunne na bi. A na biyar Inna ta ce goma ta cika, ai ta ga na wuce ta sau goma, a tashi haka. Tela ya ce Inna zagaye biyu ne ɗaya. Ta ce wannan lissafin 'yan cuta ne, amma ta zauna. Na takwas ya wuce, inda muka tsaya da kai. Na tara ƙafafuna suka zama na aro. A na goma ban ga kowa ba, ban ji komai ba sai aljihuna.

Da na tsallake layi Tela ya ɗaga agogo sama. Ya ce minti huɗu da sakan arba'in da biyar, duk sun zo kusa da juna in ban da biyun farko. Ya buɗe baki ya ce, "Jama'a, lokacin Soso ya..."

Inna ta miƙe, tsakuwar ƙarshe a hannunta. Ta ce, "Ahir ɗinka, Tela. Kar wanda ya sake faɗin wannan a kan ɗana. Ka ce ya isa." Sannan ta ajiye tsakuwar a kan benci, daidai inda kake zama, ta ce in riƙe makullan har ranar babban gudu, ita za ta yanko wasu.

Babban gudun saura mako biyar. Fili ya ce awa huɗu da minti arba'in da biyar, na ƙara goma kamar yadda ka koya mini, na ƙara in sha Allah. Ban rantse ba. Kai da ka iya auna lokacin kowa, naka bai zo a agogo ba, to ni wane ne.

Allah ya jiƙanka, Baba Makulli. Ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi. Yadda ka yi ta buɗe wa mutane ƙofofin da suka kulle kansu a waje, Allah ya buɗe maka ƙofar rahamarsa ba tare da jira ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da 'ya'yanka, da jikokinka, da Tela wanda har yau yake juyawa zai ba ka labari, da duk 'yan fili. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Mu kuma in namu lokacin ya yi, na gaskiyar, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Autanku, Soso.